Ciwon ciki ya kai shi asibiti, yanzu kuma an ce huhu ne

Wata baiwar Allah daga Tudun Wada, a nan Kaduna, ta aiko da wasiƙa mai tsawo, wadda na taƙaita kamar haka:

"Maigidana tela ne, shekarunsa 41, bai taɓa shan taba ba, bai kuma taɓa ciwon ƙirji ba. Ya yi kusan mako uku yana zazzaɓi muna sayen magani a kemis, sai ran nan cikin dare cikinsa ya ƙulle ya yi tauri kamar katako. Muka garzaya asibiti, aka ce taifod ce ta huda masa hanji. An yi tiyata, likita ya ce an yi nasara. A kwana na uku numfashi ya fara gagararsa, aka ɗauki hoton ƙirji aka ce ruwa ya cika huhunsa, aka kai shi sashen kulawa ta musamman aka sa masa inji. Yau kwana shida ba ya magana, har kifa shi suke yi rub da ciki. Yayansa ya ce ƙarin ruwan da aka yi ta yi masa ne ya gangara huhu, kuma duk wanda aka sa wa oksijin ba ya tashi, don haka zai sa hannu a takarda mu ɗauke shi. Hajiya surukata kuwa ta ce ruwan firji da nake ba shi lokacin zazzaɓi ne ya sa sanyi ya kama shi. Me ya haɗa hanji da huhu? Ni ce na jawo masa? Mu bar shi ko mu ɗauke shi?"

'Yar'uwa, Allah ya ba maigida lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Zan fara da tambayarki ta ƙarshe, domin ita ce ba ta jira. Kada ku ɗauke shi. Mutumin da ke kan injin numfashi, wanda har likitoci suka ga ya dace a riƙa kifa shi, huhunsa bai kai ga iya riƙe shi ba tukuna, kuma idan aka zare masa bututun nan yau, abu ne mai yiwuwa ƙwarai ba zai kai bakin ƙofar asibitin da rai ba. Na faɗi haka a fili ne domin ki samu abin riƙewa idan aka zauna shawara, sauran bayanin kuwa zai nuna miki dalili.

Abin da kika bayyana ya yi daidai da yanayin da likitoci ke kira ARDS a taƙaice, wato mummunan rauni da ke afka wa huhu cikin 'yan kwanaki bayan wata babbar cuta ko wani haɗari. A shekarar 1967 ne wasu likitoci a birnin Denba na Amurka suka fara bayyana shi a rubuce, bayan sun lura da majinyata 12 waɗanda abubuwa daban-daban suka kai su asibiti, amma dukkansu suka ƙare da irin matsalar numfashi guda. A shekarar 2012 aka fitar da ƙa'idojin gane shi da ake kira ƙa'idojin Balin: ya zo cikin mako ɗaya da faruwar abin da ya tayar da shi, hoton ƙirji ya nuna fari a huhun dama da na hagu, ya kasance ba gazawar zuciya ce ta tara ruwan ba, sannan oksijin ya yi ƙasa a jini duk da ana ba majinyaci shi. Ki duba wasiƙarki, za ki ga kusan duk sun hallara.

Domin ki fahimci abin da ya lalace, sai kin san yadda abin yake lokacin da yake lafiya. Duk matar da ta taɓa wanke kayan cikin rago ranar layya ta san cewa huhu daban yake da sauran nama: ba shi da nauyi, yana da laushi kamar soso, kuma idan aka zuba shi a baho tare da hanta da ƙoda, su za su nutse shi kuwa ya taso sama. Abin da ya sa haka shi ne cikinsa cike yake da 'yan mitsi-mitsin jakunkunan iska, jere kamar saƙar zuma, waɗanda a jikin baligi adadinsu ya kai kimanin miliyan 480. Da za a buɗe su a shimfiɗa, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne za su rufe kimanin murabba'in mita 70, wato fiye da ɗakuna huɗu masu mita huɗu-huɗu. Kowace jaka kewaye take da ƙananan hanyoyin jini, kuma bangon da ya raba iska da jini ya fi silin gashi siranta sau ɗari ko fiye. Ta wannan bango oksijin ke tsallakawa cikin jini, gurɓatacciyar iska kuma ta fito. Siraran nan shi ne amfaninsa, shi ne kuma ya sa ba ya jure duka.

Cikin kowace jaka lulluɓe yake da ƙwayoyin halitta iri biyu. Iri na farko shimfiɗaɗɗu ne, kamar yanar da ke hawa kan koko idan ya huce, kuma su ne suka rufe kusan kashi 95 cikin ɗari na bangon. Gefen kowace ƙwaya haɗe yake da na maƙwabciyarta da wani irin ɗinki mai matsewa wanda ruwa ba ya ratsawa, kuma ke da kike matar tela ba sai na gaya miki abin da ke faruwa da riga ba idan ɗinki ya fara warwarewa. Iri na biyu dunƙulallu ne, ɗan wuri kaɗan suka tare, amma aikin gidan a wuyansu yake. Su ne ke samar da wani maiƙo mai suna safaktan, wanda ke shafe cikin jakar. Ki tuna ledar fiya wata bayan an shanye ruwan, yadda ɓangarorinta biyu ke mannewa saboda danshi har sai an yi da gaske kafin a raba su; haka jakunkunan huhu za su riƙa mannewa a ƙarshen kowane numfashi in ba don wannan maiƙo ba. Aikinsu na biyu kwarfe ruwa ne, domin suna jan gishiri daga cikin jakar zuwa waje, ruwa kuma ya bi gishirin, da haka jakar ke zama a bushe. Aiki na uku, wanda nake so ki riƙe shi da kyau domin a kansa fatanmu ya rataya, shi ne idan shimfiɗaɗɗun nan suka mutu, dunƙulallun ne ke hayayyafa, su baje, su rikiɗe su maye gurbinsu.

To, me ya haɗa hanji da huhu? Jini ne ya haɗa su. Taifod idan ta daɗe ba a kashe ta ba, galibi wajen mako na uku, takan ci bangon ƙaramin hanji har ta huda shi, abin da ke cikin hanji ya tsiyaye cikin ciki tare da ƙwayoyin cuta masu ɗimbin yawa. Likitan tiyata ya ɗinke hujin ya wanke cikin, kuma da ya ce an yi nasara bai yi miki ƙarya ba, sai dai kafin a kai ga tiyatar jiki ya riga ya yi shelar yaƙi. Gubar ƙwayoyin cutar da sinadaran da garkuwar jiki ke fitarwa don kiran taimako sun riga sun shiga jini, yanayin da likitoci ke kira sefsis. Sauran gaɓoɓi kowace da rabonta na jini take samu, amma huhu kaɗai ne duk jinin da ya dawo zuciya sai ya ratsa ta cikinsa, kimanin lita biyar a kowane minti ga mutumin da ke kwance. Saboda haka duk abin da aka zuba a jini daga ko'ina a jiki, huhu sai ya ɗanɗana shi.

A nan ne kumburi ke shigowa, kuma ba kumburin da ake gani da ido kamar na targaɗe nake nufi ba, ina nufin martanin da garkuwar jiki ke mayarwa. A cikin jakunkunan iska akwai wasu ƙwayoyi masu gadi da ake kira makrofaj, waɗanda kullum aikinsu haɗiye ƙurar hunturu da hayaƙi da ƙwayoyin cutar da muke shaƙa, ba tare da mun sani ba. Idan suka ji alamar babban haɗari sai su saki sinadaran kururuwa, daga ciki har da wanda ake kira intalukin-8, wanda aikinsa kiran fararen ƙwayoyin jini masu suna nutrofil. Su nutrofil idan suka fusata sukan yi tauri, hanyoyin jinin huhu kuwa da yawansu sun fi su ƙunci, don haka sai su maƙale a ciki, su manne da bango, su kutsa ta tsakanin ƙwayoyin zuwa cikin jakar iska. Makamansu masu zafi ne: akwai sinadaran da ke narkar da nama, akwai wani ɗan'uwan sinadarin da ke cikin bilicin wanki, har ma sukan fasa kansu su watsa abin da ke cikinsu kamar raga don kama ƙwayoyin cuta. Idan yaƙin ya tsaya a lungu ɗaya, wannan rahama ce, domin da shi ƙurji ke nuna ya fashe ya warke. Amma idan kururuwar ta game jiki, abin yakan zama kamar ranar da aka yi ihun ɓarawo a tsakiyar kasuwa, jama'a suka taso da sanduna daga kowace kusurwa. Ko an kama ɓarawon ko ba a kama shi ba, rumfuna sun faɗi, an tattake kayan mutane, kuma masu rumfunan da suka fito suna ihu sun ƙara jawo wasu mutanen. Haka yake a huhu, domin ƙwayoyin bangon da suka mutu sukan zubar da abin da ke cikinsu, wannan kuma shi kansa sabuwar kururuwa ce ga garkuwar jiki.

Sakamakon sai ya biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Bangon hanyoyin jini ya fara yoyo, ɗinkin da ke tsakanin shimfiɗaɗɗun ƙwayoyi ya warware, wasunsu suka mutu suka bar fili, ruwan jini mai kauri da furotin ya malalo cikin jakunkunan da ya kamata a ce iska ce kaɗai a ciki. Furotin ɗin ya lalata safaktan ɗin da ke akwai, dunƙulallun ƙwayoyin da za su yi sabo su kwarfe ruwan su ma sun ji rauni, sai jakunkuna suka yi ta mannewa. Ruwan da matattun ƙwayoyi sukan daskare su yi wani ɓawo a bangon. Jini yana nan yana wucewa ta gefen waɗannan jakunkuna, amma ba ya samun oksijin da zai ɗauka, ya koma jiki yadda ya zo. Huhun da ya kai wannan hali yakan yi nauyi ya yi jawur, har likitocin Denba suka kwatanta shi da hanta. Farin da aka nuna miki a hoton ƙirji ke nan.

Wannan hanya ta jini ɗaya ce daga cikin biyu. Wani lokaci ta hanyar iska ake dukan bangon kai tsaye, kamar a nimoniya mai tsanani, ko cutar korona, ko shaƙar amai, ko hayaƙin gobara, ko nutsewa a kogi. Ta jini kuwa, ban da sefsis, akwai mummunan haɗarin mota, da ƙuna mai faɗi, da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a jikin manya. Ruwan firji ba ya cikin ko ɗaya. Ruwan da aka sha ta maƙoshi yake bi zuwa tumbi, kuma kafin ya daɗe ya ɗauki ɗumin jiki. Mai zazzaɓi yana bukatar ruwa, kin kuma kyauta da kika ba shi.

Maganar Yaya a kan ƙarin ruwa ta fi ta Hajiya kusa da gaskiya, don haka ta cancanci amsa mai adalci. Ruwan leda cikin jijiya yake shiga, kuma ga mai sefsis, wanda ƙarfin bugun jininsa ke faɗuwa, rashin sa shi na iya kashe ƙoda ya kashe mutum tun kafin a zo maganar huhu. Mai lafiyayyen huhu da lafiyayyar zuciya ana yi masa ƙarin ruwa leda bayan leda ya fitsarar da shi. Abin da ya bambanta maigidanki shi ne bangon ya riga ya tsage. Inda Yaya ya yi daidai shi ne, bayan bango ya tsage, yawan ruwa a jijiya yana ƙara yawan abin da ke malala, kuma likitoci sun san haka. Wani babban bincike da aka buga a 2006 ya nuna cewa taƙaita ruwa bayan bugun jini ya daidaita yana rage kwanakin da majinyaci ke yi a kan inji. Shi ya sa za ki ga suna auna fitsarinsa awa-awa, suna rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, wani lokaci su yi masa allurar sa fitsari. Na san kuma za a samu wanda zai ce me ya sa ba za a sa allura a zuƙe ruwan ba. Ruwan da ake zuƙewa shi ne wanda ya taru a waje ɗaya tsakanin huhu da haƙarƙari. Wannan kuwa a warwatse yake cikin miliyoyin jakunkuna, ba abin da zai fitar da shi sai ƙwayoyin nan masu kwarfewa idan sun farfaɗo.

Batun cewa duk wanda aka sa wa oksijin ba ya tashi magana ce da na sha ji a bakin ƙofofin asibitoci, kuma na san inda ta samo asali. Ba a sa wa mai ciwon kai oksijin, sai wanda ya riga ya galabaita, kuma mu da yawa ba ma zuwa asibiti sai abu ya ƙure, saboda haka mutane suka ga ana sa robar ana mutuwa suka ɗora laifin a kan robar. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijin a cikinta. Wannan ya ishe ni ya ishe ki, amma bai ishi mutumin da rabin jakunkunan huhunsa ko fiye suka cika da ruwa ba.

Shi injin ba ya warkar da huhu, kuma ya kamata ki san wannan domin kada wani ya ce ai kwana shida ba a ga abin da ya tsinana ba. Aikinsa ya riƙe ran mutum, ya hutar da tsokokin numfashi da suka gaji, ya kuma bar ɗan matsi a ƙarshen kowane numfashi domin jakunkunan da ba su da safaktan kada su manne, har zuwa lokacin da bangon zai gyaru. Gaskiya ne inji na iya ƙara rauni idan aka hura da ƙarfi, domin ɗan ɓangaren huhun da ya rage a buɗe ƙarami ne, har wani likitan Italiya mai suna Luciano Gattinoni ya kira shi huhun jariri. A shekarar 2000 aka buga sakamakon bincike a kan majinyata 861 a Amurka, inda aka ga cewa idan aka rage iskar kowane numfashi daga mililita 12 zuwa 6 a kan kowane kilo na nauyin da ya dace da tsawon mutum, mutuwa na sauka daga kusan kashi 40 zuwa kashi 31 cikin ɗari. Ga namiji mai matsakaicin tsawo, wannan bai kai cikin ledar fiya wata ɗaya ba. Irin wannan ƙaramin numfashi ba ya yi wa mai farke daɗi, zai yi ta kokawa da injin, shi ya sa ake ba shi maganin barci mai nauyi. Rashin maganar maigida, galibinsa daga maganin ne da kuma bututun da ya bi ta tsakanin igiyoyin murya.

Kifa shi rub da ciki shi ne na san ya fi tayar wa dangi hankali, domin ban da munin gani, mun tashi an hana mu irin wannan kwanciya, kuma akwai hadisi a kan ƙinta. Sai dai larura tana da hukuncinta, kuma ina ba ki shawara ki nemi wani malami da Hajiya ke ganin girmansa ya yi mata wannan bayani da bakinsa. Dalilin kifawar shi ne, idan mutum yana rigingine, ruwa da nauyin zuciya da na ciki duk a kan bayan huhu suke sauka, nan ne kuma huhu ya fi yawa, jini ma ya fi bi. Idan aka kifa shi sai jakunkunan baya su buɗe, iska ta rarrabu daidai, injin kuma ya rage miƙe wuri ɗaya. A binciken da aka yi a Faransa da Sifen a kan majinyata 466 masu tsananin ciwon, wanda aka buga a 2013, waɗanda ake kifawa aƙalla awa 16 a jere kashi 16 cikin ɗari ne suka rasu cikin kwana 28, waɗanda aka bari a rigingine kuwa kusan kashi 33. Kifa mutumin da aka yi wa tiyatar ciki aiki ne mai wuya da ke bukatar hannaye da yawa da lura da ɗinkin, don haka ma'aikatan da suke yin sa ƙoƙari suke yi a kansa. Idan kin ga fuskarsa ta kumbura bayan an juyo shi, kwanciyar ce, kuma yakan sace.

Ba zan ɓoye miki nauyin ciwon ba. Wani bincike da ya haɗa asibitoci a ƙasashe 50, wanda aka buga a 2016, ya samu cewa kimanin kashi 35 cikin ɗari na masu sassauƙan nau'in sun rasu, masu matsakaici kashi 40, masu tsanani kuwa kashi 46. Ko a mafi tsananin ke nan, fiye da rabi sun fita da rai. Yawancin waɗanda ke rasuwa kuma cutar da ta tayar da abin da gazawar sauran gaɓoɓi ke ɗaukar su, shi ya sa kula da cikin maigida da ƙodarsa bai gaza kula da huhun ba. Shekarunsa da rashin shan tabarsa suna cikin abubuwan da ke taimakonsa. Game da lokaci kuwa, makon farko shi ne na malalar ruwa da kumburi. Daga wajen kwana na bakwai zuwa mako na uku ne dunƙulallun ƙwayoyin nan ke hayayyafa su rufe filin da ya buɗe, su koma kwarfe ruwa da yin safaktan, makrofaj kuma su juya daga kururuwa zuwa share gawarwakin nutrofil. A wasu mutane gyaran yakan zarce ya bar tabo mai tauri, a mafi yawan waɗanda suka tsira kuwa huhun yakan dawo kusa da yadda yake. Kwana shida ke nan da kuka yi, wato Yaya yana so a ɗauke shi daidai lokacin da ake sa ran gyara zai fara.

Ga abin da nake ganin ya kamata ki yi gobe da safe. Ki roƙi babban likitan sashen ya ba ku minti goma bayan zagayen duba marasa lafiya, ki kuma tabbatar Yaya yana wurin, domin jin bayani daga bakin likita ya fi masa sauƙin karɓa a kan ji daga bakin matar ƙaninsa. Kada ki yi jayayya da shi a gaban mutane, ki ce masa, "Yaya, kai ne babba, ina so ka ji da kunnenka kafin a yanke shawara." Ku tambayi kashi nawa na oksijin injin ke ba shi yau, da nawa yake ba shi shekaranjiya, domin saukar wannan lamba, misali daga 80 zuwa 60 zuwa 40, ita ce alama mafi sauƙin ganewa cewa jakunkuna na buɗewa. Ku tambaya ko akwai alamar sauran mugunya a cikin ciki, ko maganin kashe ƙwayoyin cutar da ake ba shi ya dace da abin da gwaji ya nuna, ko har yanzu yana bukatar maganin ɗaga bugun jini, da kuma yadda ƙodarsa take. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta amsoshin kullum, saboda wannan ciwo yakan yi gaba ya yi baya, kuma mummunan dare ɗaya yana iya mantar da ke sauƙin kwana uku. Idan kwanaki suka yi tsawo, wataƙila su nemi izinin yi masa ƙaramar ƙofa a maƙogwaro a mayar da bututun can. Kada wannan ya firgita ku, domin yakan ba da damar rage maganin barci, kuma ƙofar tana rufewa bayan an cire bututun.

Mai yiwuwa kuɗi ne ainihin abin da ke damun Yaya, kunya ta hana shi faɗa, domin kwana ɗaya a wannan sashe ba ƙaramin abu yake ci ba. In haka ne, gara a fito da maganar fili a tsakanin dangi, a raba nauyin, a je ofishin jin daɗin majinyata na asibitin, a kuma sanar da abokan sana'arsa da jama'ar masallacin unguwa. Idan kuwa wani asibitin ake so a koma, ko a nan cikin gari ko asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya, to sai likita ya yi magana da likita, an tabbatar da gado da inji a can, kuma motar da za ta ɗauke shi tana da nata injin da ma'aikacin da ya iya shi. Tsakanin Kaduna da Zariya kusan kilomita 80 ne, kuma mutumin da ke wannan hali ba a sa shi a bayan mota da tukunyar oksijin ɗaya.

Kin tambaya ko ke ce kika jawo masa. Ruwan sanyi dai na riga na wanke ki. Saura makonni ukun kemis, kuma ba zan ce miki ba su da tasiri ba, domin taifod da aka gano da wuri aka ba ta maganin da ya dace da wuya ta kai ga huda hanji. Amma shawarar zama a gida ba ke kaɗai kika yanke ta ba, shi ma baligi ne, dangi ma suna gani, kuma abin da kuka yi shi ne abin da mafi yawan gidajen garin nan ke yi. Cikin mutanen da hanjinsu ya huje, wasu huhunsu kan kamu wasu ba ya kamuwa, kuma wannan ba a hannun mai jinya yake ba. Hajiya kuwa uwa ce da ke kallon ɗanta a kife da bututu a baki, tana neman inda za ta ajiye zafin. Ki yi mata uzuri, kada ki mayar mata da magana, ki bar wa malamin nan da likita aikin fahimtar da ita.

Idan Allah ya tashi kafaɗunsa, ki shirya wa jinya mai tsawo. Wani bincike a Toronto ta Kanada ya bi waɗanda suka tsira har shekara biyar, ya samu huhunsu ya dawo daidai ko kusa da daidai, amma raunin tsoka ya daɗe yana damunsu. Zai fito a rame, hawa matakala zai gagare shi, taka keken ɗinki ma sai a hankali, don haka yana bukatar abinci mai gina jiki da motsa gaɓoɓi kaɗan-kaɗan ƙarƙashin kulawar masu gashin ƙashi na asibiti. Yana iya farkawa cikin ruɗewa, ya ce ya ga abubuwan da ba su faru ba, ko ya riƙa mugun mafarki; wannan sananne ne ga waɗanda suka daɗe a kan inji, a gaya wa likita. A watannin farko ki nisanta shi da hayaƙin janareto da na itace da maganin sauro na kunnawa, ki jingine turaren wuta a ɗakinsa, in hunturu ya shigo kuma ya riƙa sa takunkumi idan zai fita. Yanzu dai, duk lokacin da aka ba ki izinin shiga, ki wanke hannu da kyau, ki tsaya kusa da kunnensa ki gaya masa ranar da ake ciki da labarin yara, domin wasu daga cikin waɗanda suka farka sukan ce sun riƙa jin muryar nasu.